Yadda Muka Rage wa Malam Izinin Wallafa

A lokacin da nake kula da shafin intanet na ƙungiyar manoman tattasai a Diffa, masu rubutu ba mu da yawa. Ni ce, sai sakataren ƙungiya da ke turo sanarwar taro idan ya tuna. Ana cikin haka wani dattijo ya shigo mana. Tsohon malamin makaranta ne daga Damasak, ya tsallako kogin Komadugu da iyalinsa lokacin da garinsu ya watse, aka ara masa ƴar gona a bakin kogi. Neman iri ya kawo shi biro, wato ofishin ƙungiya. Ya tarar da ni gaban ordinatar, wato kwamfuta, ya tsaya a bayana yana karanta abin da nake bugawa.

"Ɗiyata, duk gaskiya kika rubuta," ya ce, "amma babu gishiri."

Na yi dariya, na ce to ya zo ya zuba mana.

Ya kuwa dawo da labari a wayarsa, kan matan da ke shanyar tattasai har filin ya koma ja, da atishawar da ke kama duk wanda ya bi ta wurin. In yana magana za ka ji harshen Barebari a Hausarsa, amma in ya rubuta sai ka rantse kana tsaye a gonar. Na buɗe masa asusu. A tsarin shafin akwai mataki-mataki. Akwai wanda zai rubuta ya jira a duba, akwai kuma wanda zai wallafa da kansa har ya ɗora hotuna. Na ba shi na biyun, domin ina yawan zuwa Maine wurin mahaifiyata, can kuwa rezo, wato sabis ɗin waya, sai a hankali.

Shafin ya farfaɗo. Ƴan Diffa da ke Yamai da Damagaram suka riƙa tura wa juna rubutunsa. Ya rubuta kan tsutsar da ke cin ganye, kan injin ban ruwa da maƙwabta ke karɓa-karɓa, kan wata tsohuwa da ta gudo da irin kuɓewar garinsu ƙulle a bakin zane.

Matsalar ta zo ne daga wajen Bosso. Ya je gaishe da wani ɗan'uwansa, ya haɗu da masunta da suka fara komawa ruwa a ɓoye, a lokacin da duk wanda aka gani yana shiga tafki zargi na iya hawa kansa ta kowane ɓangare, na jami'an tsaro ko na ƴan bindiga. Ya rubuta labarinsu, ya sa hotuna da fuskokinsu a fili, har ya kwatanta inda suke yin bandar kifi. Ban gani ba sai da wata mata ta zo biro riƙe da wayar ƙanenta. Ba ta jin Hausa sosai, sakatare ne ya yi mana tafinta.

"Ta ce fuskar mijinta ce wannan," in ji shi. "Ta ce tun da aka nuna mata ba ta iya cin abinci ba."

A gabanta na sauke labarin. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaya ko waɗanda suka riga suka gani za su manta.

Kwamiti ya zauna. Shugaban ƙungiya ya ce a goge asusun gaba ɗaya, baƙo ne, in abu ya ɓaci mu za a nema. Na roƙa, aka tsaya kan a mayar da shi matakin ƙasa: ya rubuta, ni in duba, ba wallafa, ba hoto.

Na je gonarsa da kaina na faɗa masa. Yana gyaran kwalbatin ruwa, ya wanke hannu muka zauna a inuwar bedi.

"Masuntan ne suka ce in ɗauke su hoto," ya ce. "Suna so danginsu da suka warwatse su san suna raye."

"Na yarda, Malam. Amma ba dangi kaɗai ke karantawa ba."

Sai ya ce matar tana da gaskiya, shi ma da fuskar ɗansa ce, da ya zo biro. "Yi aikinki, ɗiyata."

A wayata na canja, yana kallo. Ya shiga da tasa. Wurin da ake danna wallafa ya ɓace, sai wani da ke cewa a aika don a duba. Ya yi murmushi kaɗan.

"Na tsufa ina duba aikin yara da jan alƙalami. Yau ni ne ɗan aji."

Ya ci gaba da turowa, amma rubutun ya zama na mai taka-tsantsan. Ba ya ambaton mutum, ba ya ambaton wuri. Ina dubawa in rasa abin gyarawa, in kuma rasa abin da ke sa ni dariya a da.

Da damina ta ja baya Komadugu ta cika ta fara cin gonaki. Ina Maine, mahaifiyata na kwance a likita, hankalina ba ya kan waya. Malam ya rubuta yadda ruwa ke matsowa, da gefen da madatsar ƙasa ta fara zubewa, yana roƙon duk mai buhu ya kawo a cika da yashi. Rubutun ya zauna a layin jira, don ni kaɗai ke da ikon sakinsa. Ban ce da ya fita da gonakin sun tsira ba, ruwan shekarar ya fi ƙarfin buhu. Amma sa'ad da na dawo na wallafa, mutane sun riga sun kwashe injinansu sun hau tudu.

Na kira shi. Ya fara tambayar jikin mahaifiyata, sannan ya ce, "Ba komai. Na rubuta wa masu kawo buhu ne, ya zama na masu jaje."

Daga nan bai ƙara turo komai ba. Daga baya wani mai gyaran ordinatar ya nuna mini cewa ana iya hana mutum ɗora hoto kawai, a bar masa wallafa. Da mun san haka a ranar zaman kwamiti, ina jin da kowa ya amince. Na kai maganar, aka yarda, na mayar masa da izininsa. Amma kafin nan gonar aro ta tafi da ruwa, shi kuma ya bi ayarin masu komawa gida ya koma Damasak.

Na same shi a waya bayan an sha wuya, na gaya masa. Ya yi godiya sosai, ya sa mini albarka. Ya ce yanzu yana koyar da yara a wani aji mai rufin tanti, wayar ma ya bar wa ƴarsa, lambar shiga kuwa ya manta. Na ce zan aiko masa da sabuwa. Ya ce to, in aiko. Na aika, amma har na bar aikin ƙungiyar bai shiga ba.