Rawanin Dda Hammu a Bakin Alfadara

Dda Hammu Ait Bella (Dda lakabin girmama dattijo ne a wajenmu) ba ya kai lomar gurasa bakinsa sai alfadararsa ta ci sha'irinta. Daga nan ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya ya duba kofato, ya shafa bayanta ko sirdi ya ji mata ciwo, sannan ya zauna ya dangwala gurasa a man zaitun, ya kora da shayi. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Duk wata na'urar auna dusar ƙanƙara da muka kafa a duwatsun Atlas na saman ƙauyenmu, a bayan dabbobinsa ta hau. Bana gwiwa ta ce ta gaji, ya ajiye aiki. Ni Ijja, da na yi shekara goma sha bakwai ina bin sawunsa da littafi a hannu, na ga idan ban yi magana ba babu mai yi.

Mu masu bincike a kan tallafi muke tafiya. Wata gidauniya a ƙetare ta ba da kuɗi, ta yanka wa'adi, sai ka ce dutse yana duba kalanda. A shekarar da nake nufi, an ce lallai sabuwar na'ura ta tsaya a ƙololuwa kafin Yuli ya ƙare.

"Dakta, ki ƙara sati biyu," in ji Dda Hammu. "Ƙanƙara na narkewa. Duwatsun nan yanzu haƙoran tsoho ne, ko tari kika yi sai ɗaya ya faɗo."

"Masu kuɗin ba za su jira ba, Dda."

"To su zo su hau mana, tunda suna sauri."

Na yi dariya, na kafe. Har yau ina jin kunyar dariyar nan.

Mu uku muka hau da alfadarar: ni, da shi, da Yidir mai ɗaura mana igiyoyi a wuraren da ƙafa kaɗai ba ta isa. Muka bi doguwar hanya ta kan tsauni, saboda agdal a rufe yake. Ƙauyuka uku ne suka yi tarayya a wannan makiyaya ta sama, kuma ba a buɗe ta sai goma ga Agusta, bayan ciyawa ta zubar da iri. Mutum na iya ratsawa da ƙafa, dabba kuwa a'a. Wanda dabbarsa ta ci ko tsinke ɗaya, an hana gidansa kiwo a can shekara uku. Dda Hammu na da awaki sittin, da su yake riƙe gidansa da na ƙanensa marigayi. Mahaifinsa kuma shi ya yi gadin agdal ɗin har ya mutu.

Mun kafa na'ura, muna saukowa da azahar, sai wani dutse kamar turmi ya ɓallo ya sami Yidir a cinya. Na ji ƙarar ƙashi. Na ɗaure wurin da ɗamarata, jini bai fasa tsattsafowa ba. Waya ba ta kamawa. Hanyar da muka hau awa tara ce. Ta cikin agdal, awa uku za ta kai mu titin da mota ke bi. Yidir ƙato ne, mu biyu ba za mu iya ɗaukarsa ko taku ɗari ba.

Dda Hammu ya tsaya yana kallon ciyawar nan koriya shar har gwiwa. Saura kwana goma sha uku a buɗe.

"Dda, kada ka shiga," Yidir ya ce yana cizon leɓe. "Awakinka..."

"Rufe mini baki, sarkin nauyi. Da ka rage cin kuskus ai da na goya ka."

Ya kwance rawaninsa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba sai ran nan. Ya naɗe bakin alfadarar da shi tam, ya bar mata hanci, muka ɗora Yidir, muka shiga.

Dabbar nan tun safe ba ta ci komai ba, ga ciyawa na shafar cikinta. Ta fizga, ta tirje, ta nemi kai kanta ƙasa, kuma duk fizgar da ta yi sai Yidir ya yi ihu. Dda Hammu ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin haɓarta, ya rungume wuyanta, haka ya yi tafiyar awa uku yana lallashinta kamar jaririya. Ta tauna rawanin har ta huda shi, ya sake naɗawa. Sau biyu ta take masa ƙafa. Ni ina gefe riƙe da cinyar Yidir, ina kiran sunansa don kada ya sume. Ban ga kowa ba a duk faɗin wurin, ko makiyayi ɗaya.

Da mota ta tafi da Yidir, na ce masa, "Dda, babu wanda ya gan mu."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ni fa? Makaho ne ni?"

Dda Hammu, kai ne ka ja alfadararka, ba gida ka nufa ba, sai dandalin da dattawan ƙauyuka uku ke zama. Kai ne ka ɗaure ta a gabansu, kanka babu rawani, ka kai kanka ƙara.

Wuri ya kaure. Wani daga ƙauyen ƙetaren rafi ya miƙe yana nuna shi da sanda. "Ɗan mai gadi ne ya karya! To gobe mu ma za mu kora namu ciki!"

"Ta taka, ban musa ba," in ji Dda Hammu. "Amma ba ta ci ba."

"Alfadara cikin ciyawa awa uku ba ta ci ba? Azumi take yi?"

Dda Bihi, shugaban dattawan, ya ɗaga hannu aka yi tsit. "Kai da bakinka, shi da nasa. Mu tambayi cikinta. A bar ta nan kwana biyu, ruwa da busasshen kara kawai."

Ban taɓa zaton rayuwar gida biyu za ta rataya a kan kashin dabba ba. Kwana biyu dattawa na zaune bi da bi suna gadin bayan alfadara. Duk wanda ta yar, Dda Bihi ya sa sanda ya fasa, kawuna su haɗu a kansa. Tsinken koriyar ciyawa ɗaya ya isa ya kama shi da laifi. Matar Dda Hammu ta kasa cin abinci. Ni kuwa nakan tuna rawanin da ya huje, in ce anya ba ta zari wani abu ba lokacin da yake sake naɗawa? Shi yana zaune gefe da kumburarriyar ƙafa, bai roƙi kowa ba.

Da la'asar ɗin rana ta biyu Dda Bihi ya fasa na ƙarshe, ya juya shi, ya daɗe yana dubawa. Ƙaiƙayin sha'ir ne da kara.

"Baki ya kuɓuta," ya ce. "Ƙafa ta yi laifi. Ka yanka bunsuru ka ciyar da ƙauyuka uku. Ranar goma ga wata awakinka su shiga tare da na kowa." Ya juya ga mai sanda. "Kai kuma, mai son kora naka gobe, ka fara kwance rawaninka ka ɗaure bakinsu ɗaya bayan ɗaya."

A rahoton da muka aika wa masu tallafi, mun gode wa gidauniya layi huɗu. Dda Hammu kuwa yana cikin "masu alfadarai na yankin". Da hannuna na rubuta, kuma yau nake gyarawa.

Dda Hammu, ɗan mai gadi da bai kunyata ubansa ba, na gode. Yidir ma yana gode maka, yana ɗingishi amma da ƙafarsa yake kai 'yarsa makaranta. Allah Ya ba gwiwarka sauƙi. Ku kuma masu hawa duwatsun mutane da takardar tallafi a aljihu, ku saurari mai jan dabba idan ya ce a dakata. In kuwa dole ta sa kun taka abin da jama'a suka tsare, ku yi yadda ya yi, ku kai kanku tun ba a nemo ku ba.

Rawanin yana nan a kansa. Na saya masa sabo sau uku, ya ce wancan ya fi shan iska.