Ganin Ɗaki a Tabarau

A gidanmu ni ake aika ganin ɗaki. Duk yarinyar da za a aurar a zuri'armu, daga Gwaram har Farin Dutse, ni ce mai zuwa gidan miji kafin a yi wa kafinta magana. In duba ƙofa, in duba taga, in ga inda gado zai zauna da inda ruwa ke bi in an yi sama. Ba wai na fi kowa ido ba ne, an dai san ba na jin kunyar surukai, abin da na gani shi nake faɗa. Shi ya sa da aka sa ranar auren autar yayana, sai yayan ya kira ni zaure ya ce, "Ki je Birnin Kudu ki gano mana. Na sayar da riɗin bana da bijimin nan saboda kayan ɗakinta, ba na so a yi abin da za a zo ana da na sani."

Yaron da za ta aura na san shi sama-sama. Irin samarin nan ne da ba sa iya gaishe ka sai da waya a hannu, rabin gaisuwar taka ce, rabin ta wayar. Yana da shago a Birnin Kudu inda yake zana wa mutane taswirar gida a kwamfuta, da yamma kuma 'yan makaranta su cika wurin su sa wani tabarau su yi ta ihu suna dukan iska. Yarinyar tana son sa ba kaɗan ba. In yana magana sai ta nutsu kamar mai sauraron wa'azi, shi kuwa ba ya gajiya da magana.

Muka tafi ni da Innarta, ƙanwar mahaifiyarta, mace mai saurin yarda da saurin guɗa. Ya tare mu a tasha da shadda mai maiƙo da wata baƙar jaka a rataye, ya ɗebe mu a Keke har bayan gari, can wajen duwatsu. Aka tsaya a wani fili. Bulo ne aka jera ya kai gwiwa, ciyawa ta fito a tsakaninsa, ga tulin yashi awaki sun kwanta a kai suna tuƙa. Na duba hagu na duba dama na ce, "To, ina gidan?"

Ya yi dariya irin ta wanda ya san abin da ba ka sani ba. "Gwaggo, yanzu za ki shiga cikinsa. Zamani ya wuce a yi ta yawo da igiya ana awo."

Ya ja mu gindin wata darbejiya, ya buɗe jakar a hankali kamar mai fito da jariri daga zani. Ga tabarau nan, fari, ƙato, kamar an yanko gaban akwatin talabijin an sa masa maɗauri. Ya ce sunansa bi'ar. Abu na farko da ya gargaɗe mu a kai shi ne rana, wai in ta haska gilashin ciki ya lalace, har ya buɗe lema ya ba Inna ta riƙe masa. Na lura da wannan sosai. Tabarau yana da inuwa, amarya ko kwanon rufi ɗaya ba a ɗora mata ba.

Sai ya ɗauki kara ya zana da'ira a ƙasa, ya ce in tsaya a tsakiya, kada in wuce layin. Rigima ta farko a kan ɗaurina aka yi. Wai sai na kwance ɗankwali maɗaurin zai zauna. Na ce ban taɓa buɗe kaina a gaban suruki ba, kuma ba a kan wannan abin zan fara ba. Haka ya ɗora shi a kan ɗankwalin, ya matse har sai da na ji kunnuwana sun yi zafi. Abin yana da nauyi, yana warin gumin mutanen da ban sani ba. Ya danƙa mini wasu abubuwa biyu kamar ludayi, ɗaya a kowane hannu.

Da farko duhu ne. Sai kawai na gan ni a tsakiyar falo.

Ba zan rage masa komai ba, abin yana da ban mamaki. Na ɗaga kai, ga silin da fitilu da fanka tana juyawa. Na waiwaya, ga ƙofa a bayana. Labule har ƙasa, tayil yana sheƙi, kujeru sun zagaye, har da tulun furanni. Ban san lokacin da na yi sallama ba. Na sunkuya in duba tayil ɗin sai na ga ba ni da ƙafafu. Na ce, "A'uzubillahi, ina ƙafafuna?" Na ji muryarsa daga wata duniya yana cewa ai haka abin yake, in kwantar da hankalina. Hannayena ma ba nawa ba ne, wasu farare ne suna reto a iska, ba damtse ba kafaɗa.

Na taka zan je ɗakin kwana, tunda shi aka aiko ni gani. Ban yi nisa ba sai wata shuɗiyar raga ta taso a gabana. "Gwaggo, kin zo iyaka, koma baya! Ba a tafiya da ƙafa, maɓallin abin da ke hannunki za ki danna da babban yatsa." Na danna. Sai ɗakin ya zaburo ya same ni inda nake tsaye, hajijiya ta kwashe ni. Falo ga shi nan kamar filin idi, amma ni taku biyu aka ba ni.

Duk da hajijiyar na yi aikina. Na ce ina makwararar ruwa? Ya ce za a sa. Ina za ta hura wuta? Ya ce gas za ta riƙa amfani da shi. Ina za ta yi shanya, ina za ta daka, in baƙi mata sun zo suna ina za a shimfiɗa musu tabarma? Ya ce, "Gwaggo, wannan duk tsohon yayi ne." Na miƙa hannu in taɓa tagar in ji ƙarfinta, sai na ji ɓawon darbejiya. Na ce ya cire mini. Da haske ya dawo, ɗaya daga awakin tana nan inda na bar ta, tana kallona tana tuƙa.

Inna kuwa tun kafin a sa mata ta tuɓe takalmi, wai kada ta ɓata tayil. Ana sa mata ta rangaɗa guɗa har awakin suka watse. Ta yi ta juyi tana salati, tana sa albarka, tana kiran sunan yarinyar. Can ta ga kujera ta ce bari ta ɗana, ta tafi gaba ɗaya ta zube a yashi. Na ɗauka nan hankalinta zai dawo. Ta tashi tana kakkaɓe zani tana dariya, ta ce, "Wallahi Yaya, ko faɗuwar ma ta gidan masu hali ce." Shi kuma ya rantse mana kafin biki ɗaki da falo za su tashi, awon kuma yana cikin kwamfuta, zai tura wa kafinta ta waya, ba sai mun wahala ba.

Da muka koma Gwaram yayana ya ce, "Kin gani?" Na ce, "Yaya, na ga fili, na ga awaki, na ga majigi. Ɗaki dai ban gani ba." Na ce a ɗaga bikin har a ɗora kwano, ko kuma ya nuna mana inda zai ajiye ta a yanzu mu auna can. Inna ta ce ita da idonta ta ga gida, gidan da ko a Kano sai an tona. Daga nan aka fara. Wai ni baƙin ciki nake yi, wai kaina bai waye ba, wai tsufa ya sa ina tsoron na'ura. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce yarinyar, da ta same ni a ɗaki idonta jawur ta ce, "Gwaggo, me ya yi miki kika tsane shi?" Yarinyar da na goya. Na ce ban tsane shi ba, so nake in san inda za ki kwanta.

Da labari ya kai kunnen yaron sai ya ɗauko tabarau ya kawo har zauren yayana. Yayan nan nawa ko akuya ba ya saya sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora. Amma aka ɗaura masa abin nan a fuska, ya yi ta juya kai bakinsa a buɗe, abokan hirarsa sun yi layi suna jiran a zo kansu. Da aka cire masa abin da ya ce shi ne, "Kai, ilimi!" Ya ce an sa rana, an faɗa wa dangi, ba za a mai da shi ƙaramin mutum ba. Kafinta ya karɓi awo ta waya, ya yi gado da sif da kujeru daidai da gidan da ke cikin tabarau.

Ranar jere muka bi motar kaya zuwa Birnin Kudu. Ba bayan gari aka nufa da mu ba. Cikin gari aka shiga, lungu-lungu, har ƙofar gidan mahaifiyarsa. Ginin can, in ji su, ya kai taga, siminti ne ya yi tsada. Aka nuna mana wani ɗaki da ake zuba hatsi a da, an share an shafa farar ƙasa. Wai na wucin gadi ne, kafin damina za su tare. Mahaifiyarsa, baiwar Allah, ta kasa haɗa ido da mu. Ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, wallahi na faɗa masa." Shi angon ba a gan shi ba, wai yana wajen masu hoto.

Sif bai shiga ƙofa ba, aka bar shi a zaure. Kujeru aka ɗora wasu kan wasu a ƙarƙashin rumfa aka lulluɓa musu leda. Gado aka shigar da shi a warware, da aka zo haɗawa ya fi bangon tsawo. Aka yi ta juya shi, aka gwada ta nan aka gwada ta can. Daga ƙarshe aka kira kafinta ya zo da zarto. Ina tsaye a tsakar gida ina jin ƙarar, ina tuna bijimin yayana da riɗin da aka kaɗe a rana. Raina ya ɓaci. Inna mai guɗa ta sunkuyar da kai tana ta goge kwanukan da an riga an goge. Da aka gama na shiga na tsaya a ɗan filin da ya rage tsakanin gado da ƙofa. Taku biyu ne ta kowane gefe. A duk abin da yaron nan ya nuna mini a gindin darbejiya, da'irar da ya zana da kara ce kaɗai gaskiya.

Damina ta zo ta same su a nan. Na je duba ta wata ranar da aka kwana ana ruwa, na tarar ledar kujerun ta yage, sun yi funfuna. A ɗaki an jera roba da kwano ana tarar yoyo, har a kan katifa. Yarinyar ta yi nauyi, cikinta ya fito sosai, ta taso da ƙyar ta rungume ni. Guntun katakon da aka yanke daga gadonta an yi ɗan benci da shi an ajiye a kusurwa, baƙar jakar nan tana kai, an rufa mata tawul.

Ta ga inda nake kallo. Ta ce, "Ko za ki sa, Gwaggo? Ya ƙara ɗakin yara, har da lilo." Tana murmushi ta faɗa, amma ba ta kalle ni ba. Na ce na gode, wancan ma bai sake ni ba.

Ruwa yana ta ɗiga a roba. Can ta rage murya ta ce, "Gwaggo, ke da kika saba duba ɗaki, ina kike ganin zan riƙa kwantar da jaririn?"

Na tashi na duba, tunda aikina ne. Na duba saman gado, na duba bayan ƙofa, na ɗaga kai na bi rufin da ido ina neman inda ba ya zuba. Wuri ɗaya ne busasshe a ɗakin nan, kuma tabarau ne a kai.