Sunan Shewanti a Farantin Shinkafa

Matar yayana, wadda muke kira Wahini kamar yadda ake kiran kowace matar wa, an haife ta ne a shekarar da ubanta ya dawo daga ziyarar Pandarpur. Shi ya sa ya raɗa mata Candrabaga, sunan kogin da ya yi wanka a cikinsa. Da wannan suna ta shigo gidanmu na Satara a 1941. Kafin la'asar ta rabu da shi.

Haka al'adarmu take. Idan amarya ta shigo, sai a kawo faranti cike da ɗanyar shinkafa, ango ya cire zoben zinariya ya rubuta mata sabon suna a kai. Yayana Sadashiw ne, ɗaya daga cikin sunayen abin bautarmu Shiwa, don haka dole matarsa ta ɗauki sunan matar Shiwa. Ya rubuta Girija, wato 'yar dutse. Sunan ubanta da ke bin nata ya koma Sadashiw. Sunan danginta ya koma namu, Masurkar, wato mutanen Masur, ƙauyen da har ta mutu ba ta taka ba.

Girijar ma ba mai kira. Dada, yayan nawa, "ke" yake ce mata. Yara su ce Ayi, wato uwa, maƙwabta su ce Kaku, wato gwaggo. Ita kuwa tana gindin dutsen niƙa, ko tana gasa gurasar dawa, ko tana shanya yankakken mangwaro a kan soro. Ba ta yi makaranta ba, kuma ban taɓa jin ta musa wa Dada ko a kan gishirin miya ba.

A 1968 aka sa ranar auren ɗanta Wittal da wata marainiya daga Koregawon, mai suna Shewanti. Da Wahini ta je ganin yarinyar, ta tambaye ta wa ya sa mata sunan fure. Yarinyar ta ce mahaifiyarta ce, tana son furen shewanti da ke tsakar gidansu, kuma ta rasu tun ita tana goye. Ko hotonta ba a bar mata ba.

Shi kuwa Dada ya riga ya yanke magana: matar Wittal ba ta da wani suna sai Rukmini, don Wittal ma sunan abin bauta ne, Rukmini ce matarsa; haka yake a wurin ibada, haka zai kasance a gidansa.

Wata hantsi Wahini ta kira ni madafa. Ta barbaɗa gari a kan katakon murza gurasa, ta kira ni yadda ake kiran ƙanin miji.

"Bawuji, 'yan mishan sun cika maka kai da boko. Akwai ragowar da za ka sam mini?"

"Haba Wahini, da furfura za a shiga aji ɗaya?"

"Rufe mini baki, mai tabarau. Suna ɗaya nake so. Rubuta mini Shewanti."

A rubutunmu haruffa uku ne. Na zana mata su da yatsa, na nuna mata ɗigon da ke saman na tsakiya. Ta shafe ta gwada, ta sake shafewa. Na tambaye ta amfanin wannan wahala.

Ta ce, "Na roƙi Wittal ya bar mata sunanta, ya ce to. Amma na san ɗana. Ubansa na yin gyaran murya zai sauya magana. Idan Guruji mai ɗaura aure ya karanta a gaban jama'a, magana ta ƙare. Ina so in gani da idona kafin a faɗa."

Ranar da amarya ta shigo, aka ajiye farantin a tsakar ɗaki. Guruji, malamin da ya ɗaura auren, yana gefe yana jira. Dada na tsaye a kan ɗansa. Wittal ya cire zobe ya yi rubutu, kansa a sunkuye. Daga inda nake na karanta: Rukmini.

Wahini ta leƙa ta kafaɗarsa. Ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi. Sai ta durƙusa, ta sa tafin hannu ta shafe shinkafar sumul.



Dada ya ce, "Ke! Lafiyarki kuwa?"

Ba ta dube shi ba. Ta ce, "Wittal, ba wannan ka faɗa mini ba."

"Yaushe kika fara karatu? Tashi ki ba mutane wuri!"

Wata gwaggonmu ta sa baki daga baya: "Mu duk an canza mana, ga mu ba mu mutu ba."

Wahini ta ce, "Ke kina da uwar da ta ci gaba da kiranki idan kin je gida. Wannan wa take da shi?" Sannan ta juya ga ɗanta. "Rubuta. Ina kallo."

Wittal ya dubi ubansa, ya dubi amaryar da hawaye ke ɗiga daga ƙarƙashin mayafinta. Ya rubuta. Wahini ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, ta nuna na tsakiya ta ce ya manta ɗigo. Ya sa. Guruji ya ga Dada ya fice daga ɗakin, sai ya ɗaga murya ya ce, "Shewanti."

Dada bai sake cin abincin hannun Wahini ba har damina ta wuce. Kullum tana gasa gurasarsa ta ajiye, kullum ana dawo da ita a rufe. Ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta kuma daina gasawa ba. Daga baya ya koma ci, amma har ya rasu bai furta sunan surukar tasa ba. "Matar Wittal" yake cewa.

Sauran mutanen unguwa kuwa, daga mai kawo madara har jikokin gidan, Shewanti suka sani. Yanzu ita ma ta yi furfura, kuma da shi take amsawa.