Taswirar Baba a Bangon Lakwal

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Abin da na fara ji ke nan da na sa abin sauraro a kunnena: sanda tana taɓa ƙasa mai tsakuwa, numfashin mutum, da zakara can nesa. Sai muryar Baba ta shigo a natse, irin wadda yake yi wa 'yan aji shifta da ita.

"Uwata, ki tsaya bakin ƙofar gida, ki ba gidan baya. Dutsi yana hannunki na hagu. In kin ji sandata ta tashi, ki tashi. Kada ki riga ni."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma bai taɓa kama sunan da bakinsa ba. Ranar da nake wannan sauraro, kwana arba'in da ɗaya ke nan da aka kai shi makwancinsa.

Ina da shekara shida iyayena suka rabu. Inna ta tafi da ni Yamai, Baba bai hana ba. Shi malamin makaranta ne a Dogon Dutsi, duk garin Mushe suke ce masa, kamar yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Abin da ya haɗa mu tsawon shekaru shi ne takarda. Kowane wata wasiƙarsa takan zo a hannun direban mota, da rubutunsa mai tsayi, a karkace kamar gero idan iska ta kaɗa shi. Da na fara rubuta waƙoƙi sai na riƙa aika masa. Yakan maido mini da su da jan biro a gefe: wannan layin ya yi nauyi, wannan kalmar aro ce, nemo taki. Zuwana na ƙarshe wurinsa ina da shekara goma sha biyar. Bayan nan karatu ya riƙe ni, ko kuma ni na riƙe karatu na fake da shi.

Shekara uku kafin rasuwarsa wasiƙu suka tsaya. Sai gajeren saƙon murya ta salula. In tura masa waƙar da na kwashe mako biyu ina gyara, ya amsa da cewa, "Na gani, madalla." Babu jan biro, babu faɗa. Ranar da na karɓi takardar digirina na tura masa hoto, ina sanye da farin leshi da gyale ruwan ƙwai. Amsar ɗaya ce: madalla, Allah ya yi albarka. Daga nan na rage kira, shi ma bai yi ƙorafi ba.

Bayan addu'ar arba'in, Gwaggo, ƙanwarsa da ke zaune a gidan da ke jikin nasa, ta miƙo mini kwalin ashana. A ciki akwai ɗan katin waya, ƙarami kamar farce.

"Ya ce ki sa ga salularki, ki hita da sahe. Murya goma ya ɗauka a ciki. Da bazara ya yi su, rana na dukan shi, na hana ya ƙiya."

A cikin murya ta farko ya yi bayani. Wani tsohon ɗalibinsa da ya je ƙasar waje ya ba shi labarin cewa can baƙo yakan zagaya birni shi kaɗai, murya a waya tana gaya masa inda zai bi da abin da zai duba. Baba ya ce, to, shi ma yana da baƙuwa, yana kuma da gari. Na yi murmushi, amma ba garin na fito nema ba. Abu ɗaya nake so in ji a cikin murya goman nan: ko ya san wadda na zama, ko kuwa tun ina yarinya ya rufe littafina.

Na bi sandar. Tafiyarsa a hankali take ƙwarai. Sau da yawa nakan isa kwana kafin ya ce in juya, sai in tsaya in jira shi kamar yana bayana. Shi yana tafiya cikin bazara, ina jin busasshen ganye yana ƙara ƙarƙashin takalminsa, ni kuwa ina taka damshin damina, gero ya yi tsayi a bayan gidaje har ya fara fitar da kai. Ya nuna mini rijiyar da kakata ta yi shekara talatin tana ja. Ya sa na ɗaga kai na dubi dutsen, ya ce da safe ja ne, da yamma kamar hanta. Na duba, haka yake. A bakin kwalta ya ce, "Tsaya nan. Saurara tukuna, babbar mota ba ta da kunya." Na tsaya, 'yan kabu-kabu suna yi mini oda, suna tambaya ina za ni.

Murya ta huɗu a kasuwa take. Cikin kunnena wani mutum ya ɗaga murya: "Mushe, yau ma sai mun gaishe ka?" Baba ya ce, "Wanda ya maimaita aji biyu shi ka fara gaisuwa." Aka yi dariya. Ina cikin jin dariyar sai ga ta a waje, ita ɗin dai, daga bakin wani mai kilishi da ke kore ƙuda da kwali. Na cire abin kunne guda.

"Ke ce ɗiyar Mushe ta Yamai," in ji shi. "Tun daga can nike kallon ki. Yarinya da ƙahwahunta tana tahiyar tsohwahhi."

Na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya, ya yanko kilishi ya naɗe a takarda ya ce kada in sake in taɓa jakata.

"Ubanki ya buge ni ya hi a ƙirga, lissahi bai shiga ba. Amma tun da ya aje alli ya sa baƙin gilashi, shi ke nan, ya zama gwamna. Shi wuce ka ido da ido, in ba ka yi magana ba, ba ya ce maka ci kanka. Allah shi jiƙan shi, mutumen kirki ne, girman kan ne kawai ya zo mai da tsuhwa."

Na ce amin. A raina na ce, ashe ba ni kaɗai ba ce.

A murya ta biyar ya kai ni wani lungu, ya ce in dubi ƙofa mai koren fenti, nan aka haife ni, a ɗakin da ke dama da zaure. Na dubi lungun daga farko har ƙarshe. Babu koriyar ƙofa. Inda sandarsa ta tsaya, ƙofar baƙa ce, fentin ma ya soma ɓarewa, alamar ba jiya aka shafa shi ba. Na ce wataƙila ni na ɓata ƙirgen taku. Na koma bakin lungun na sake kunnawa, na sake bin sa. Nan dai ya sake tsayar da ni.

Ta shida ita ce lakwal, makarantar da ya koyar shekara ashirin da wani abu. Ana hutu, ciyawa ta rufe fili, awaki suna kiwo a gindin tuta. Muryarsa ta canza da ya iso nan, ta yi haske.

"Dubi bangon aji na ƙarshe, mai kallon gabas. Taswirar ƙasarmu ce, ni na zana ta da hannuna shekarar da aka haife ki. Ga kogi da shuɗin fenti, har yau bai koɗe ba. Ki sa yatsa a Yamai, ki biyo jan layin nan zuwa gabas. Kin ga ɗigon da na yi wa garinmu? Ya fi na sauran girma. Sufeto ya yi mini magana a kai, na ce hannuna ne ya goce. Tsakaninki da ni taƙi ɗaya ne, Uwata. Kullum na biyo nan sai na auna."

Bangon fari ne fat. An shafe shi da farar ƙasa, an rubuta jan kunne game da wanke hannu, da hoton buta da sabulu. Na matsa kusa ko zan ga inuwar kogin a ƙarƙashi. Ban ga komai ba.

Mai gadin makarantar, wani dattijo da ke gyaran igiyar akuya a inuwa, ya taso. Na tambaye shi taswirar.

"Wanga bango? An shahe shi ya kai damina biyu. Da za a yi, mun ji nauyin Mushe, aka rasa mai gaya mishi. To kuma kullum ta nan yake wucewa, shi tsaya, shi dube shi, shi tahi. Bai taɓa cewa uffan ba. Muka ce ya haƙura."

Na zauna a kan dakalin ajin. Abin da na fahimta a lokacin shi ne, Baba ya tsaya gaban wannan farin bango da buta da sabulu, ya ce mini ga kogi. Ya zaɓi ya zauna a garin da ya sani shekarun baya, ya ƙi karɓar wanda ke gabansa. Na fara jin tsoron abin da zai ce game da ni.

Duk da haka na tashi. Murya ta bakwai ta gangara da ni bakin tabki. Shi ya same shi a ƙafe, yana ta ba ni labarin masu yin tubali. Ni na same shi cike, shanu suna sha, balbelu a bayansu. Ya ce in zauna a kan wani dutse mai faɗi, na same shi, na zauna. Na ji ya aje sandar. Ya daɗe yana numfashi.

"Hoton da kika aiko na digiri yana nan wurina. Kullum ina buɗe shi. Kin yi kyau, Uwata. Shuɗin gyalen nan naki ya karɓe ki, da ma na gaya miki shuɗi naki ne."

Na tsayar da muryar.

Shuɗin gyale shi ne wanda na yafa ina da shekara goma sha biyar, ranar da ya raka ni tasha. Ya tsufa tuntuni, Inna ta mai da shi abin tace koko. A hoton digiri babu shuɗi ko na zare ɗaya. Na buɗe hoton a wayata na dube shi, ko ni ce na manta. Ruwan ƙwai ne, mai haske, tun daga nesa ake ganin sa.

Ban yi kuka ba. Na zauna ina kallon shanu har rana ta take. Na ce a raina, ga amsar da na zo nema. Bai buɗe hoton ba. Waƙoƙin ma bai karanta ba. Yana da wata 'ya mai shekara goma sha biyar da yake ƙauna, ita ya yi wa wannan yawo, ni kuwa na zo na saurari saƙon da ba nawa ba. Saura murya uku, na ga ba ni da hurumin jin su.

Na koma gida ba tare da kowa a kunnena ba, na ɓata hanya sau biyu. A ɗakinsa akwai farar rigarsa ta Juma'a rataye a ƙusa. Na cire katin, na mai da shi cikin kwalin ashana, na zura a aljihun rigar. Gwaggo ta tambaye ni ko na ji duka. Na ce na ji. Ta dube ni kamar za ta yi magana, sai ta ce in zo in ci tuwo. Washegari na shiga motar Yamai.

Wata biyar na yi kafin zuciyata ta sauko. Wata safiya ina wanke kwanuka sai na ji ina son sandar nan a kunnena, ko me zai faɗa, ko da wa yake magana. Na kira Gwaggo na ce ta duba aljihun farar riga. Ta ce an rabar da tufafinsa sadaka a makon da na tafi. Farar rigar wani bawan Allah daga wajen Dogon Kiriya aka ba, wanda ya zo gaisuwa a amalanke. Ta aika aka tambaya. Mutumin ya ce matarsa ta wanke rigar tun ranar, bai ga kwalin komai ba.

Tun daga nan nakan yi ƙoƙarin ƙirƙiro sauran ukun da kaina. Daga tabki hanya biyu ce, ɗaya ta hau dutse, ɗaya ta bi ta maƙabarta ta koma gida. Ban san wadda ya bi ba. Na rubuta waƙoƙi da yawa a kan haka, babu wadda na iya gamawa, don kowane layi na sa a bakinsa sai in ji nawa ne.

Bayan shekara huɗu Gwaggo ta zo Yamai, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, na raka ta asibitin ido. Muna zaune a kan benci muna jiran layi, tana ta murza carbi don tsoro, sai ta dubi tagar da ake karɓar kati ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Nan na kawo ubanki. Sau biyu. Bisa wanga benci muka zamna."

Na ce, yaushe Baba ya zo Yamai ban sani ba?

Ta rufe bakinta da gefen mayafi, amma maganar ta riga ta fita. Ta ce ya sa ta yi alkawari ba za ta gaya wa kowa ba, ko bayan ransa, don kada in bar karatu in dawo in ja masa sanda. Ciwon suga ne ya ci jijiyar idanunsa, likita ya ce babu abin da za a yi. Daga zuwansu na biyu bai ƙara bambance komai ba sai haske da duhu. Na tambaye ta wace shekara. Ta ƙirga da damina. Shekara uku ne kafin rasuwarsa, a watan da wasiƙarsa ta ƙarshe ta iso hannuna.