Musbahu, Wanda Aka Ce Ya Ɓata a Rairayi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Abokina Musbahu Sada Fagam ya rasu ranar Laraba, 9 ga Afrilu, can arewa a bakin sahara, inda ake shimfiɗa layin dogo. Haka dai aka rubuta a takardar da kamfani ya aiko. Mu sai ranar Asabar muka ji, bayan an binne shi.

Musbahu, shekara biyu ke nan da ka zo ka same ni a Birnin Kudu ka ce ka samu aiki da masu awon layin dogo. Kai za ka riƙa shiga gaba kana nuna musu inda ƙasa ke da ƙarfi, su bi bayanka suna kafa turaku. Na yi maka tsiya, na ce ɗan kiwo ya koma kiwon jirgin ƙasa. Ka yi dariya ka ce ai shi ma burtali yake nema.

Sun yi dace da kai, don mun san idonka. Shekarar da saniyar Malam Ƙasimu ta ɓace a Kangire, kai ka bi sawunta yini guda cikin sawun garke uku har ka kamo ta, kuma ko goro ka ƙi karɓa. Da mahaifina ya kwanta a asibiti, kullum sai ka taso daga Gwaram da kindirmo, ka zauna kana ba shi labarin shanu har ya manta da ciwo. A wurin aikin ma an ce makiyayi bai taɓa tsayawa kusa da sansaninku ya tafi da ƙishirwa ba.

To, wannan mutum ne aka ce ya fita da ƙafa da tsakar rana, ba da izini ba, ya rasa hanya, ƙishirwa ta kashe shi. Na karanta takardar sau uku, kuma har yau ban yarda ba.

Wanda ya kawo kayanka ya ajiye jaka da tabarma da jarkar nan taka mai naɗin buhu, wadda kake jiƙawa don ruwa ya yi sanyi. Matarka Ummussalma ta dube ta ta ce, "Wannan a ina aka same ta?" Ya ce a ɗakinka. Ta ce, "Ko gona ba ya zuwa ba ita." Mutumin ya duba wayarsa, ya ce direba na jiransa. Su mutanen kamfani a ganinsu tarkace suka haɗo, ba su san abin da suka kawo ba.

Akwai kuma maganar da ka faɗa mini da Sallah. Ka ce an karkatar da turaku sun bi ta kan wata tsohuwar rijiyar makiyaya, kuma ka gaya wa manya ba za ka sa hannu a binne ta ba. Ban ce wani ya yi maka wani abu ba, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Amma na tambaya wa ya tsince ka, wa ya yi maka wanka, ba a ba ni ko suna ɗaya ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyya ga Ummussalma da 'ya'yanka Murja da Abdulsalami, da jama'ar Fagam baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ita kuwa mahaifiyarka Dada, duk wanda ya shiga gaisuwa abu ɗaya take tambaya, ko an fuskantar da kai alƙibla. Jiya ta tambaye ni, na buɗe baki zan ce mata e, sai na kasa. Jibi zan hau mota in je a nuna mini kabarin.