Goron Usmanu

Ranar Laraba ce, kwana huɗu bayan sunan ƙanena Sani, a shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya fito daga ɗakin baƙi yana takawa a hankali, tafin hannunsa a buɗe kamar wanda ya ɗauko ƙwan tantabara. Wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ne ya sauka a gidanmu daga Yamma, ƙasar kakanninmu, ya zo da ɗanyen goro a ƙunshe cikin ganye, da aka kwance ƙunshin sai aka tarar guda uku sun tsage sun fitar da ɗan farin tsiro. Maza na zaune a rumfar ƙofar gidanmu, wadda muke kira rakuba, suna shan shayin la'asar. Baba ya tsaya a tsakiyarsu, ya ɗaga hannun sama, ya ce, "Jama'a ku shaida, in Allah ya yarda wanga gari ya gama jiran lori kafin shi ci goro." Sannan ya ƙwala mini kira, ya juye goron uku a hannuna, don tun ranar da na tura ƙwayar lemo a gwangwanin tumatir ta fito ya yanke cewa hannuna na da albarka. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa Uwa yake kirana. "Uwa," in ji shi, "ke za ki shuka."

Ƙauyenmu yana ƙasar Sudan, arewa da garin Sinnar, a gefen babban magudanar ruwan noma da muke kira tur'a. Auduga muke nomawa da dawa da gyaɗa a baƙar ƙasa mai laka, wadda in ta sha ruwa take kama takalmi, in ta bushe ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa. Kakanninmu sun baro Sakkwato a ƙafa, sun zo da karatu da fartanya da son goro, amma ba su zo da itacensa ba. Ba a suna, ba a ɗaurin aure sai da goro, ko da busasshe ne mai ƙarfin tsakuwa, amma duk garin babu mutum ɗaya da ya taɓa ganin bishiyar. Wasu su ce a ƙarƙashin ƙasa yake 'ya'ya kamar gyaɗa, wasu su ce a sama yake lilo kamar dabino. Mai raba gardamar kullum shi ne maƙwabcinmu Malam Bello tela, wanda ya taɓa yin tafiya yamma da ƙuruciyarsa. Daga baya muka ji a Darfur ya tsaya ya juyo, ko Sudan bai fita ba, amma tun daga lokacin babu abin da za a ambata a duniya bai rufe zancen da maganarsa ba: "Ni da na gani da idona."

Na shuka su a bayan ɗakin girki. Na farko ruɓewa ya yi, domin Baba ya riƙa ba shi ruwa yadda ake ba auduga, har wurin ya koma ɗan tafki agwagin maƙwabta suka fara kawo ziyara. Sauran biyun suka fito da ganye bibbiyu masu sheƙi, sai ga ɗari ya shigo, lokacin da muke kira shita, da iskar arewa mai fasa leɓe da dunduniya. Baba ya ɗauki bargonsa ya yi musu tanti da shi, ya ƙara da tsohon mayafin Inna, shi kuma ya riƙa fita sallar asuba da tawul a kafaɗa yana karkarwa. Inna, mahaifiyarmu, ba ta gardama da shi, abin da kawai take cewa shi ne, "To, Allah shi kyauta." Wata safiya da sanyin ya yi tsanani har ruwan randa ya ƙi taɓuwa, Baba ya ji tausayinsu ya kai musu murhun gawayin da ake dafa shayi. Kafin in dawo daga makaranta ɗaya ya gasu. Na ƙarshen kuwa ba wanda ya yi masa komai, da kansa ya riƙa naɗe ganye yana ƙanƙancewa har ya koma kamar ganyen shayi. Duk wannan lokacin, kullum la'asar sai an tambaya a rakuba, Malam Usmanu ina labarin goro, shi kuma ya gyara rawani ya ce, "Saura kaɗan."

Baba mutum ne da ba a taɓa jin ya faɗi magana ta faɗi ƙasa ba, shi ake kira in an yi rikicin rabon ruwa a gona. Don haka da aka gama tsinkar auduga aka ba mu hutu, sai ya ce in saka rigar Sallah, za mu je neman dashen goro a wuraren renon itatuwa, waɗanda ake kira mashtal. A Sinnar muka fara. Mun leƙa guda uku, ko'ina sai a nuna mana lemo da gwaiba da mangwaro a jere cikin baƙar leda. Wani saurayi ma ya rantse wa Baba cewa goro ba shuka shi ake yi ba, a masana'anta ake buga shi kamar alewa. Wani ya tura mu Sinja wajen masu ayaba, masu ayaba suka ce akwai wani tsoho a Rusairis, a bakin kogi, wanda duk abin da ya ƙi fita a Sudan shi yake shukawa. Muka shiga ƙaramar motar haya, ni a matse tsakanin buhun albasa da wata mata mai kaji, ina kallon ƙasa tana canzawa, itatuwa suna ƙara tsawo da duhu.

Lambun tsohon kamar ɗaki yake, ba ka ganin rana sai ɗigo-ɗigo, ga ƙamshin ƙasa mai laima da ban taɓa shaƙa ba. Da Larabci suka gaisa da Baba, suna ta ya zol, ya zol, har sai da jakin tsohon ya sa baki a wani dashe, ya juya ya zage shi da Hausa tsantsa. Nan aka sake gaisuwa daga farko, aka tambayi dangi, aka gano kakanninsu a ayari ɗaya suka zo. Baba Tanko sunansa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya har ya zauna a kan kifaffen bokiti, sannan ya tashi ya ja mu can ƙarƙashin wani ƙaton mangwaro, inda ya yi wata 'yar bukka da jiƙaƙƙun buhuna. A ciki akwai wani ɗan itace siriri, tsawonsa bai wuce ƙirjina ba. Ya ce wannan shi ne goro, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa yin ko fure ba. "Ɗana," ya ce wa Baba, "ko a Sakkwato ba shi fita. Daga kurmi aka kai musu, inda ruwan sama ba shi hutawa." Baba ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya taɓa ganye ɗaya da ɗan yatsa. Da za mu tafi tsohon ya ba ni dashen gwanda guda uku a hannuna, ya ce ita ma tana tsoron ɗari amma tana jin lallashi. Ya koya mini in yi mata tudu da yashi da taki, in tare mata iskar arewa, kada in nutsar da ita da ruwa, kuma in ɗaya ta yi fure ba 'ya'ya kada a sare ta, namijin ke nan.

Da la'asar muka sauka a gari, rakuba cike. Tun a mota Baba yake shirya yadda zai yi bayani, amma kafin ya buɗe baki Malam Bello ya miƙe, ya karɓi leda ɗaya, ya juya ganyen gaba da baya, ya shinshina, ya ce, "Shi ne! Goro na, ga ganye nan kamar tafin hannu. Ni da na gani da idona." Aka ɗauki kabbara. Na ga Baba ya buɗe baki, ya dubi fuskokin mutane, ya rufe. Da muka shiga gida ya ce mini a hankali, "Uwa, ni ban ce goro ba ne. Gobe zan faɗa musu." Goben nan sai da ta kusa shekara. Ni kuwa a ranar na faɗa wa Inna, tana tsaka da tuyar kisra, wato siririyar wainar dawa, ta yi dariya har guda ta ƙone, sannan ta goge ido ta ce in kama bakina, maganar ta maza ce su suka ƙulla ta.

Ban kama bakina yadda ya kamata ba, gaskiya. A makaranta na zama 'yar mai goro. A wajen ɗiban ruwa sai a matsa mini in cika tuluna ba layi, a wasan carafke in na kuskure sai a ce ba a gani ba. Daɗin abin ya ɗebe ni har na riƙa yi wa 'yan ajinmu alkawari, wannan fari, wannan ja. Ustazunmu ma ya kwaso aji guda a jere muka zo gidanmu darasi, ya sa kowa ya zana itacen goro a littafinsa. Ranar ce na fara jin kunyar abin, na lura ni da Baba mun daina haɗa ido in muna ba su ruwa. Amma aikin mun yi shi da gaske. Da shita ta zagayo muka kafa musu shingen karan dawa ta arewa, na ɗinka musu rigar buhu, ba na ba su ruwa sai rana ta ɗaga, murhu kuwa Inna ta ɗauke shi ta ɓoye a ɗakinta. Duka ukun suka tsallake sanyin, suka zarce katanga, biyu suka rataya 'ya'ya kore manya kamar ƙwarya. Malam Bello ya bayyana wa jama'a cewa kwanso ne, goron yana ciki a jere kamar haƙora. Idi direban lori, wanda ya sha cin gwanda a kasuwannin kudu, ya san komai, amma sai ya riƙa zuwa yana tambayar Malam Bello ko farin goro ne ko ja, don kawai ya ji amsa.

Da ta farko ta yi ruwan ɗorawa, liman ya ce a fasa ta ranar Juma'a bayan an sauko, a yi addu'a. Aka shimfiɗa tabarmi har waje, mata suka cika tsakar gida, aka fito da Kaka, mahaifiyar Baba, a kan gadonta na igiya aka ajiye ta a inuwa. Baba bai karya kumallo ba ranar. Na kawo 'yar itacen a faranti, ya ɗauki wuƙa, ya riƙe ta jim kaɗan, sai ya ajiye ya miƙe tsaye. "Jama'a," ya ce, "wanga abu ba goro ba ne. Gwanda ta. Na sani tun ranar da na kawo ta, kunya ta hana ni faɗi, har na sa ɗiyata cikin nauyin. Ku yafe mani." Can sai Malam Bello ya gyara murya ya ce, "Ai da ma ni na ga ganyen ya yi faɗi da yawa." Idi ne ya fara dariya, ya kife a kan tabarma yana dukan ƙasa, daga nan kowa ya ɓarke, har liman sai da ya rufe fuska da gefen rawani. Da ya samu numfashi ya ce maganar yafiya sai an ɗanɗana tukuna. Aka yanka, ga ciki ja mai laushi da baƙaƙen ƙwayoyi. Kaka, wadda haƙoranta suka daɗe da yin sallama, ta mamula yanka guda, ta miƙo hannu a ƙara mata, ta ce, "Wanga goro ya fi wancan hankali."

'Yan ajinmu sun yi kwana biyu ba sa yi mini magana, na koma bayan layi a wajen ruwa, kuma na san na cancanta. Sai da na bi su ɗaya-ɗaya da ƙwayoyin a ƙunshe cikin takarda, ina koya musu tudu da shinge, sannan muka shirya. Cikin 'yan shekaru da wuya ka leƙa gida a garinmu ba ka ga gwanda ta leƙo ta saman katanga ba, kuma ba wanda yake kiranta da sunanta, goron Usmanu ake cewa. Baƙo in an ce a kawo masa goro sai ya ga an shigo da faranti da wuƙa, ya tsaya yana leƙen inda goron yake. Baba bai sake gwada na gaskiyar ba, amma har ya rasu, duk wanda ya zo daga Rusairis sai ya tambaye shi ko ɗan itacen Baba Tanko ya yi fure.

Yanzu ina zaune a hawa na huɗu a wata unguwa ta gefen Alƙahira, inda yaƙi ya jefo mu, kuma sanyin nan ya fi namu cizo. 'Yan garinmu sun watsu, wasu gabas, wasu ƙetaren iyaka, ban san ko akwai mai kafa wa gwandojin shinge ba. 'Ya'yana Larabci suke yi, Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Da na ba su wannan labarin, babban ya taɓa wayarsa sau biyu ya nuna mini bishiyar goro, ƙatuwa, da kwansonta a fashe, har da masu sayar da dashe da za su kawo maka ƙofar gida. Na duba na ce masa ta yi kyau. Yau duk abin da mutum bai sani ba za a nuna masa kafin shayinsa ya huce, sai dai babu sauran waɗanda zai zauna da su a inuwa su kwashe yini suna gardama a kai. Rashin sanin nan namu ma yana da daɗinsa, don tare muka yi shi.