Godiyar da Ta Ɓata Hanya

Kafinta ya yi shekara arba'in yana aikin katako a rumfarsa ta bayan tashar mota, kuma ba wanda zai ce ya taɓa jin ya ɗaga murya. Bencinan majami'a duk shi ya haɗa. Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a kansu ma, shi ya haɗa musu akwatin gawa. In dattawa sun zauna nazarin Littafi Mai Tsarki, ba ya yawan magana, sai abu ɗaya da yake nanatawa: in za ka yi alheri, yi shi a ɓoye, Ubangiji yana gani.

Kuma yana yin abin da yake faɗa. Akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo, idonta ya mutu, mijinta ya rasu, ba ta da kowa. Kowace Laraba mata sukan zo su kama mata hannu zuwa addu'ar zumunta. Da ta fita sai Kafinta ya saɓi tsani ya shiga gidan. Ƙyauren da ya karkace, ƙafar gadon da gara ta ci, tagar da ba ta rufuwa, rufin da ke yoyo, shekara goma sha ɗaya yana bi yana gyarawa, da katakonsa da ƙusoshinsa. Maƙwabta suna ganinsa, sukan ce mata, "Kafinta ya zo." Ba wanda ya kawo a ransa cewa shi ya aiko kansa. Talaka mai wando da faci, wa zai zaci haka?

Wata Lahadi da aka buɗe filin ba da shaida, Gwaggo ta miƙe da sandarta.

"Jama'ar Allah, na yi shiru har na gaji. Akwai bawan Allah da ke aiko mini da ma'aikaci shekara da shekaru, bai taɓa faɗa ba. Amma na gane shi. Wa ke da halin yin wannan in ba Mai Kanti ba?"

Mai Kanti dattijon majami'a ne, yana da shago babba, yakan rage mata hanya a motarsa jefi-jefi. Kafinta ya zuba masa ido yana jira ya tashi ya gyara maganar. Sai mutumin ya sunkuyar da kai, ya ɗan kaɗa hannu wai a bar zancen. Majami'a ta ɗauki tafi. Fasto ya ajiye wa'azin da ya shirya, ya yi rabin awa a kan tawali'un Mai Kanti.

Kafinta ya kawar da kai. Waƙar rufewa ma bakinsa ya ƙi buɗuwa.

A gida ya ture abinci. Matarsa ta dube shi.

"Baban yara, lafiya?"

"Ɓarawo! A gaban bagade, yana murmushi kamar ango! Ya san ba shi ba ne. Ko ƙusa ɗaya ya taɓa bugawa a rayuwarsa?"

"To ai kai ka ce a ɓoye kake so. Ga shi ya ɓoyu, har mai gidan ma ba ta gan shi ba."

"Kada ki yi mini ba'a."

"Ni ba ba'a nake yi ba. Tambaya ce. Da ba a gode wa kowa ba, lafiya lau kake cin abincinka. Yau an gode wa wani, ka koma kamar wanda kunama ta harba. To dama jira kake yi a gano ka?"

Ya tashi ya fita, ya buga ƙofar da shi ya yi ta da hannunsa.

Laraba ta zo, bai je ba. Ta biyu ta zo, bai je ba. A rumfa ya ɓata katako uku, yana yanka yana ƙunƙuni. Addu'arsa ta safe ta zama ƙara: Ubangiji, kana gani ai. Kana gani, ka kuma yi shiru.

Abin da ya hana shi sakat shi ne kwanon rufin da ke daidai kan gadon Gwaggo. Tsatsa ta gama da shi, ya sani, har ya tanadi sabo ya jingine a lungun rumfa. Damina kuwa ta kawo kai, kullum da rana hadari na haɗuwa a gabas. In ruwan farko ya sauka, a kan tsohuwar zai zuba.

Ana nan sai ga motar Mai Kanti ta tsaya a bakin rumfa. Ya fito yana gyara hula.

"Sannu da aiki, Malam Kafinta. Wato, Gwaggo ce ta ce rufinta na neman gyara. Ta ce in turo mata kafintana."

"Kafintanka?" Ya ajiye zarto. "Yaushe ka haife ni? Yaushe ka aike ni?"

"Yi haƙuri, a hankali mana, mutane na ji."

"Su ji! Ranar da ake tafa maka ka ce a yi a hankali? Shekara goma sha ɗaya gwiwata na ƙara a kan tsani, kai kuma ka sunkuyar da kai ka kwashe!"

Mai Kanti ya share gumi. "Kunya ce ta kama ni, ɗan'uwa. Na so in tashi, ƙafata ta ƙi. Yanzu kuma da wane ido zan tsaya in ce ƙarya ne? Ka je ka yi, ni zan sallame ka."

"Riƙe abinka. Ni ba ɗan aikenka ba ne. Ja motarka, ka tare mini haske."

Motar ta tafi. Kafinta ya tsaya yana huci. Iska mai sanyi ta kwashi garin katako ta watsa masa a fuska. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya yi tsaki, ya ɗora kwanon a ka, ya ja tsani. A hanya ya tsara maganarsa tsaf: yau ba Laraba ba ce, tana gida, zai faɗa mata komai da bakinsa.

Ya same ta zaune a bakin ƙofa. Ya ce a ransa, bari in fara rufewa kafin ruwa. Ya hau, ya ɓanɓare tsohon kwanon ya jefar, ya shimfiɗa sabo, ya cika baki da ƙusoshi, ya shiga bugu kamar da rufin yake faɗa.

"Ɗana, a hankali, kada ka rushe mini ɗakin," in ji Gwaggo daga ƙasa. "Wa ya taɓa ka yau?"

Ya ci gaba da bugu, bakinsa cike da ƙusoshi.

"Ka san tun ranar da na yi shaidar nan nake barci da daɗi? Shekarun nan duk nauyin ya dame ni, kada in mutu ban gode wa mutumin ba. Yanzu na sauke. Ko yau Yesu ya kira ni, na shirya."

Kafinta ya tsaya da guduma a sama. Ya leƙo ya ga fuskarta, ta ɗago ta wajen da ba can yake ba, tana murmushi. Ɗigon farko ya faɗo masa a wuya.

"In ka koma, ka ce masa Allah ya yi masa albarka. Kai ma Allah ya yi maka, kana da hannu mai kyau."

Ya tofa ƙusoshin a tafin hannunsa. Maganar da ya tsara tana nan a bakinsa, da zafinta.

"Zan faɗa masa, Gwaggo. Shiga ciki, ruwa ya zo."

Ya ɗora ƙusa ya maka mata guduma, ta lanƙwashe. Ya zare ta ya ɗauki wata.